Dogon Bauchi zuwa Gombe yana nan kwance, to me ya hana jirgi?

Wani ɗana da ke sana'ar hatsi a Tudun Hatsi ta Gombe ne ya turo min tambayar nan, ga yadda ya rubuto: "Baba, tunda kun yi aikin reluwe, don Allah me ya hana a sa jirgi tsakanin Bauchi da Gombe? Dogon ai yana nan muna ganinsa, kuɗin mota kuma ya ishe mu. Sannan in za a yi, ba gara a yi mana sabo fil irin na Abuja zuwa Kaduna ba?"

To ɗana, Allah ya yi maka albarka, kasuwa kuma Allah ya buɗa. Amsar za ta ɗan yi tsawo sai ka yi haƙuri, mu tsofaffi in aka taɓo mana maganar dogo ba mu iya taƙaitawa. Ni a ɓangaren kula da hanya na yi aikina, wato mu ne masu bin dogo da ƙafa da kura, ɗan keken nan da ake turawa a kan dogo, muna duba lafiyarsa, ba direba ba ne ni ba kuma mai sayar da tikiti ba, saboda haka abin da zan faɗa maka daga ƙasa nake kallonsa, daga wajen tsakuwa da kwalbati.

Da farko sai ka san dalilin da ya sa aka shimfiɗa dogon tun asali, don a nan amsar take ɓoye. Jirgi ya isa Kano tun 1911, ya isa Jos ta Kafanchan a 1927, amma mu nan gabas sai da muka jira har bayan samun 'yancin kai. Akwai ma wani abin dariya, akwai wani ɗan siririn dogo da Turawa suka yi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, sunansa na dogon Bauchi ne a takarda don a lokacin Jos tana ƙarƙashin lardin Bauchi, amma bai taɓa taka garin Bauchi ba har aka rufe shi a 1957. Namu na gaskiya a 1958 aka fara shi, lokacin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana firayim minista, kuma kafin nan shi ne ministan sufuri don haka ya san zancen ciki da bai. An ɗauko shi daga Kuru kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya wuce ta Bajoga da Buni Yadi ya dire a Maiduguri a 1964, tsawonsa duka wajen kilomita 640. Bashin farko da Bankin Duniya ya taɓa ba Najeriya, dala miliyan 28 a 1958, na harkar jirgin ƙasa ne kuma wannan aikin yana cikinsa. To kana ganin Bankin Duniya zai ba da wannan kuɗin don mutumin Bauchi ya je biki Gombe ya dawo? Gyaɗa da auduga da fata da shanu ake so a kwasa a kai bakin teku. Unguwar BCGA da ke garinku ai sunan kamfanin audugar Turawa ne, injin gurzar auduga ne ya bar mata sunan. Fasinja ɗan rakiya ne kawai a lissafin, an liƙa masa tarago a baya tunda dai jirgin zai bi ta wajen.

Shi ya sa in ka duba taswira za ka ga dogon namu ya juya wa kasuwanninmu baya yana kallon teku. Kai da kake sana'ar hatsi, in za ka kai kaya Dawanau a mota ta Dukku da Darazo za ka bi ka faɗa Kano. A jirgi kuwa sai ka zo Bauchi, ka hau Kuru, ka gangara Kafanchan, ka je Kaduna, ka bi Zariya sannan ka shiga Kano, kamar mai son taɓa kunnen hagu ya zagayo da hannun dama ta bayan ƙeya. Amma in Fatakwal za ka, daga Kafanchan sai ka miƙe kudu, Lafiya, Makurɗi, Inugu, Aba, har bakin ruwa, daga Maiduguri zuwa can kilomita 1,443. Bauchi zuwa Gombe ɗan yanki ne a tsakiyar wannan doguwar igiyar, kilomita 150 da 'yan kai, kuma igiya in ta tsinke a gaba ta tsinke a baya ɗan guntun da ya rage a hannunka ba ya jawo guga.

Kuma wallahi dogon nan bai yi sa'ar zamani ba. An gama shi 1964, shekarar da reluwen Najeriya ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, shekara uku tsakani sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka datse hanyar Fatakwal, wato tashar ruwan da aka yi dogon dominta. Yaƙi ya ƙare 1970 sai fari ya shigo, sai cutar gyaɗa ta 1975 ta gama da abin da ya saura, kuɗin fetur kuma ya shigo gwamnati ta koma zuba kwalta, tireloli suka cika hanya. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda su ne ke tara gyaɗa da auduga wuri guda su cika taragu, daga nan kowa ya koma neman motarsa. Abin da ya ɗan riƙe layin shi ne simintin Ashaka da ya fara aiki a 1979, don an ja masa reshe har cikin kamfani. An kawo Indiyawa su gudanar da reluwe daga 1979 zuwa 1982, an kawo 'yan Chana a 1995 zamanin Abacha, an sake kwangilar gyara zamanin Jonathan har jirgi ya ɗan taso daga Gombe zuwa Kafanchan da Kaduna wajen 2015 mutane suka yi ta murna, ba a jima ba ya sake yin shiru. Ɓangaren Buni Yadi zuwa Maiduguri kuwa rikicin Boko Haram ya rufe shi, wannan ba sai na faɗa maka ba.

Yanzu bari mu zo kan "dogon ai yana nan muna ganinsa", don a nan ne na fi son ka tsaya ka saurare ni. Abin da kake gani daga gilashin mota ƙarfe biyu ne a kwance, kuma ƙarfen nan shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. A ƙarƙashinsa akwai silifa, wato abin da aka gicciya aka ɗaure ƙarfen a kai, wasu na katako wasu na ƙarfe sababbi kuma na kankare. A ƙarƙashin silifa akwai tsakuwa, ita kuma ba ado ba ce, ita ke raba nauyin jirgi, ita ke riƙe silifa kar ta zame, ita ke barin ruwa ya tsiyaye ya wuce. A ƙarƙashin tsakuwa akwai cikon ƙasa da aka dandaƙe, a gefe akwai lambatu, a ƙasa can akwai kwalbati. In ƙasa da yashi suka cike ramukan tsakuwar nan ciyawa ta fito, to ta mutu, ruwa zai kwanta a ciki, jirgi na takawa laka na tsartuwa sama, silifa ta fara rawa, ƙarfe ya lotsa. Babban malaminmu a wurin aiki cewa yake abokin gaban dogo uku ne, ruwa da ruwa da ruwa. Muna yara a aikin muna dariya, sai da damina ta koya mana.

Ba zan manta wata safiya ta watan Agusta ba. An kwana ana tsuga ruwa, muka fito da kura ni da helma, wato shugaban leburori, da leburori huɗu, ita kurar ƙaramin keke ne mai ƙafar ƙarfe da ake ɗorawa a kan dogo ana turawa, mutum biyu na gudu a kan ƙarfen ƙafa ba takalmi suna tura ta, in an samu gangara su ɗare. Mun yi nisa a daji sai ga wani Bafulatani ya bar shanunsa yana ta ɗaga sanda yana kiran mu tsaya. Hausarsa kaɗan ce, abin da ya iya cewa shi ne "ƙarfe na sama, ƙasa babu". Muka ƙarasa a ƙafa. Daga nesa dogon lafiya lau yake, a miƙe, yana ma ƙyalli. Sai da muka zo dab muka ga ruwa ya cinye cikon ƙasar gaba ɗaya, tsawon kamar taku goma sha biyar, ƙarfe da silifa suna rataye a iska kamar an kwantar da tsani a bakin rijiya, a ƙasa jan ruwa na ta gudu. Kwalbatin wurin ne ya toshe da karan dawa da yashi da wani kututture da ruwa ya jawo, ruwan ya rasa hanya ya taru a baya har ya fasa ta sama. Nan take helma ya tura mutum ɗaya gaba ɗaya baya da jar tuta da 'yan ƙananan nakiyoyin nan masu kama da gwangwanin man shafawa da ake maƙalawa a kan ƙarfe, in jirgi ya taka su fashe da ƙara direba ya san akwai hatsari ya ja birki. Direba da dare ko da fitila ba zai ga wannan ramin ba sai yana cikinsa. Kwalbatin da mutum biyu da shebur za su yashe cikin yini ɗaya a watan Mayu shi ya ja mana aikin makonni. To wannan fa a lokacin da ake bin hanyar kullum kenan, akwai wanda muke ce wa kiman, kowace safiya ta Allah yana tafe da doguwar guduma da sifana a kafaɗa yana bin rabonsa na dogo, yana buga ƙarfe yana saurara, daga ƙarar kawai ya san inda noti ya kwance. Yanzu ka lissafa min damina nawa ta wuce ba kiman ba kura, a ƙasa irin ta Gombe da kai ma ka san yadda kwari ke cin unguwa guda a shekara biyu.

Ga kuma gadoji, dogon sai ya haye kogin Gongola kafin ya iso muku kamar yadda titin mota ke haye shi a Dindima, kuma gadar ƙarfen da ta haura shekara 60 ba a kallonta da ido a ce lafiya, sai an shiga ƙarƙashi an duba tsatsa, an duba ko ruwa ya rarake gindin ginshiƙai. Ga zafi, ƙarfe yana miƙewa in ya ɗauki rana, shi ya sa ake barin 'yar tazara a mahaɗa, ita ce ke ba da ƙarar nan ta kakaf-kakaf da kuke ji, in mahaɗar ta cije da tsatsa tsakuwa kuma ta yi ƙaranci to a zafin Maris da Afrilu sai ka ga dogo ya lanƙwashe gefe kamar maciji. Ga 'yan gwangwan da suka gano ƙarfen dogo yana da nauyi a sikeli, suna zuwa da injin yanka da tirela, wasu kuma maƙalan da ke ɗaure ƙarfe da silifa kawai suke cirewa su zuba a buhu, wannan ya fi muni don ba a gani, dogo yana nan amma ba abin da ke riƙe da shi. Ga mu kanmu jama'ar gari, an kafa rumfuna a kan dogo, an yi gini har bakin tsakuwa, an mayar da wani wurin bola wani wurin gona. Duk ranar da aka ce jirgi zai dawo, rigimar tashin mutanen nan kaɗai aiki ce, kuma da yawansu 'yan uwanmu ne ba wasu baƙi ba.

To mu ɗauka an gyara duk wannan. Fasinjan Bauchi zuwa Gombe zai iya ciyar da jirgi? A nan ne zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. In titi na da kyau mota awa biyu take yi ko da ɗan ɗori, ka bi Dindima ka bi Alkaleri ka bi Bara ka shiga Gombe, kuma ko yaushe ka je tasha akwai Sharon ko bas da ke lodi, ga Gombe Line ga Yankari Express ga na 'yan kasuwa. Tsohon dogo in an yi masa gyara na rufin asiri jirgi zai yi kilomita 40 zuwa 50 a awa, ka haɗa da tsaye-tsaye, awa uku da rabi ko huɗu kenan. Sannan layi ɗaya ne, jirgi biyu ba sa gittawa sai a tashar da ke da layin kaucewa, a zamaninmu direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an miƙa masa wata alama ta ƙarfe a hannu wadda ita ce shaidar hanyar tasa ce shi kaɗai, in na gaba ya makara kai ma ka makara. Jirgi ɗaya da safe ɗaya da yamma, wanda ya rasa na safe ya koma tashar mota. Talaka zai hau don araha, musamman tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ɗalibai za su hau, mata masu kaya za su hau, amma kuɗin tikitin da talaka zai iya biya ba zai sayi gas ɗin inji ya biya albashin masu gyaran hanya ya sayi tsakuwa ba. Kusan ko'ina a duniya jirgin fasinja na gajeren zango gwamnati ce ke cika masa, ba laifi ba ne a yi hakan, amma a faɗa wa mutane gaskiya tun farko cewa tallafi ne kuma a sa shi a kasafin kuɗi duk shekara, don ranar da aka daina cikawa ranar zai tsaya.

Kaya ne ke ciyar da dogo, shi ma kayan ba kowane iri ba. Ka ɗauki kanka misali. Kana da buhu 300 na masara a Tudun Hatsi za ka kai Muda Lawal a Bauchi. A mota 'yan dako su loda sau ɗaya su sauke sau ɗaya a ƙofar shagon mai saye. A jirgi sai ka ɗauki mota zuwa tasha, a sauke, a loda a tarago, a jira jirgi ya cika, a Bauchi a sauke, a sake lodawa a wata motar, a sake saukewa. Kuɗin dako ya ninka, buhu ya yage, an yi maka satar mudu biyu a hanya, duk ribar arahar jirgin ta tafi a kilomita 150. Amma a ce wake ne ko masara ko shanu za ka kai Aba ko Fatakwal, tafiyar sama da kilomita dubu, a nan lissafi ke juyewa, don ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta cin ƙarfi kamar taya a kan kwalta, inji ɗaya da ma'aikata ƙalilan zai ja abin da tirela 20 ko fiye za su ɗauka, ba shingen karɓar na goro kowane kilomita kaɗan, ba fashewar taya. Tirelar siminti buhu 600 take ɗauka a ƙa'ida, tan 30 kenan, ka ga kuwa tarago ɗaya yana ɗaukar hakan ko fiye. Sannan akwai ribar da ba ta shiga aljihun reluwe amma ta shiga na kowa, injiniyoyin titi sun daɗe da auna cewa in nauyin da ke kan ƙafafun mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa wajen sau 16. Ramukan da ke karya muku mota a hanyar Bauchi ba Golf ce ta haƙa su ba. Ka ɗauke siminti da taki da hatsi daga kan titi ka ga shekara nawa kwalta za ta yi.

Saura maganar sabo irin na Abuja zuwa Kaduna. Bambancinsu a faɗi yake, geji muke ce masa, wato tazarar da ke tsakanin ƙarfe biyun. Namu na da milimita 1,067 ne, sabon kuma 1,435, jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan ko kusa. Abuja zuwa Kaduna kilomita 186 ne aka buɗe a 2016, Legas zuwa Ibadan kilomita 157 aka buɗe a 2021, ka ga wannan na biyun kusan tsawonsa ɗaya da Bauchi zuwa Gombe, kuma ya ci wajen dala biliyan ɗaya da rabi, yawanci bashin Chana. Wancan yana da tashar ruwan Apapa a gindinsa da mutanen Legas, mu me za mu nuna wa mai ba da bashi? In ma an samu kuɗin aka yi mana mai faɗi daga Bauchi zuwa Gombe kaɗai, ya zama tsibiri, ba ya haɗuwa da Kafanchan ba ya haɗuwa da Ashaka, duk kayan da zai wuce sai an sauke an sake lodi. Kuma raina ƙaramin geji da ake yi yana ba ni haushi gaskiya, mutane sun ɗauka shi ne ya sa jirgi ke rarrafe. Afirka ta Kudu da irin gejinmu sak take jan taragu sama da 300 na tama a jirgi ɗaya daga Sishen zuwa bakin teku a Saldanha. Japan ban da jiragenta masu tsananin gudu yawancin dogonta irin namu ne, kuma jirage na yin kilomita 130 a awa a kansa. Rashin tsakuwa da tsohon ƙarfe da kwana masu tsanani su ke hana gudu, ka sa ƙarfe mai nauyi da silifar kankare ka gyara wuraren kwana da suka yi tsauri, kilomita 80 a awa ba abin mamaki ba ne a kan dogon nan namu, kuma da 80 ka kamo mota.

Na san abin da ke cin ran mutanenmu, kuma ina tare da su a wani ɓangaren. An yi wa Legas da Ibadan mai faɗi, an yi wa Abuja da Kaduna, an yi wa Itakpe da Warri, ana yin Kaduna zuwa Kano, ana yin Kano zuwa Maraɗi har cikin Nijar, mu kuma da Buhari ya ƙaddamar da aikin Fatakwal zuwa Maiduguri a watan Maris na 2021, na wajen dala biliyan 3, sai aka ce ƙaramin geji za a sabunta mana. Dole mutum ya ji kamar an mayar da shi ɗan bora. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne daga can kudu aka faro, abin da aka kammala aka sa wa jirgi shi ne Fatakwal zuwa Aba, kilomita 60 da 'yan kai daga cikin 1,443. Da za a ce min zaɓi, mai faɗi a takarda ko ƙarami da jirgi a kai, ba sai na yi shawara da kowa ba. Abin da zan roƙa kawai shi ne duk gada da kwalbati da cikon da za a sake a yi su da faɗin da za su iya ɗaukar babban geji nan gaba, don kar jikokinmu su sake rushewa.

Wani abu da ya canza wanda da yawa ba su lura ba, a watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki an cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi, yanzu jiha ma tana da hurumi. Tsohon dogon dai har yanzu na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ne, wadda ofishinta na shiyyar arewa maso gabas yake nan Bauchi, amma ba abin da ya hana Bauchi da Gombe, waɗanda dama jiha ɗaya ce kafin 1996, su zauna da ita su ce mu za mu ɗauki nauyin kaza ku ku kawo kan jirgi da taragu. Da ni za a tambaya ta ina za a fara, ba zan fara da fentin tasha da yanka kintinkiri ba. Zan sa a taka layin nan da ƙafa daga Kuru har Ashaka a rubuta kowane kwalbati da kowace gada da kowane wurin da aka sace ƙarfe. Kafin a sayi ko noti ɗaya zan je wurin masu kaya masu nauyi, masu siminti, masu taki, dillalan hatsi irinku da na shanu, a yi yarjejeniya a rubuce tan nawa za ku ba jirgi a wata, a ja ɗan reshe zuwa inda kayan suke don a kashe dakon nan na biyu. Sai a haɗa mu da Kafanchan ko ta halin ƙaƙa, don daga nan ne ake samun Kaduna da kudu. In jirgin kaya ya fara tafiya yana biyan kuɗin hanya, liƙa taragun fasinja tsakanin Bauchi da Gombe abu ne mai sauƙi, kamar yadda aka yi tun farko. Sannan a ɗauki masu bin hanya daga ƙauyukan da dogon ya ratsa a riƙa biyansu a kan lokaci, mutumin da yake cin abinci da dogo ba ya barin ɗan gwangwan ya yanka shi, tsaro kuma dole a sa shi a lissafi tun daga farko, abin da ya faru da jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya ishe mu darasi, duk da dai dajinmu ba irin wancan ba ne.

Kai kuma da 'yan uwanka na kasuwa akwai abin da ke hannunku. In 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a suka ce za su kawo jirgi, kar ku tafa, ku tambaye su daga ina zuwa ina, wane kaya zai ɗauka, wa zai biya masu yashe kwalbati bayan an gama biki. Ƙungiyarku ta san tirela nawa ke tashi daga Tudun Hatsi zuwa kudu a mako lokacin kaka, ku rubuta wannan lissafin ku ajiye, ya fi duk wani dogon jawabi amfani a gaban wanda zai sa kuɗinsa.

Kwanaki na kai jikana tashar nan ta Bauchi da yamma don ya ga inda kakansa ya ƙare ƙuruciyarsa. Na nuna masa yadda muke ɗora ƙusa a kan ƙarfe muna yara, jirgi ya taka ta ta zama 'yar wuƙa, helma na korarmu da tsumagiya ban san wata rana ni ma zan riƙa korar wasu ba. Ya ɗauko wata ƙusa a ƙasa ya ɗora, ya tsuguna yana jira, awaki na cin ciyawa a tsakanin silifa. Da magariba ta yi na ce masa ya ɗauko abarsa mu tafi masallaci, ya ce a'a a bar ta a nan gobe ma dawo mu duba. In ka shigo Bauchi ka neme ni mu je tare, akwai wani kwalbati a bayan gari da nake so ka leƙa cikinsa da idonka.